Wa Ya Ɗauke Muryar Mma Hamamatu?

Da hantsi aka gane rakodar ba ta nan. Razak ya zuge jakarta ya ga wayam, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado, sannan ya fito tsakar gida ya zauna dirshan a kan siminti kamar wanda aka sake yi wa rasuwa. Kafin azahar labari ya gama unguwar Aboabo ya tsallaka Asawasi.

Ba tsadar abin ne ya dami kowa ba. 'Yar baƙar aba ce da ba ta fi tafin hannu ba, da kunnuwan ƙarfe biyu a kanta. Abin da ke ciki shi ne magana. Mahaifiyar Razak, Mma Hamamatu, ita ce zabiyar da ta yi wa rabin Zongon Kumasi waƙar aure da suna. Da ciwo ya kwantar da ita, ɗan nata ya riƙa zama bakin gadonta da rakoda, duk safiyar da ta ji ƙarfi sai ta yi masa waƙa. Ta rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba tukuna. Kuma babu kwafi a ko'ina. In rakodar ta tafi, muryar ta tafi ke nan.

Samarin da ke shan shayin ataya a bakin lungu ba su ɓata lokaci ba, suka yanke hukunci. Fadil ne, in ji su. Fadil abokin Razak ne tun suna makarantar allo, yana da ɗakin haɗa kiɗa da kwamfuta a bayan gidan ubansa, kuma duk unguwa ta ji shi jiya yana ɗaga murya a gidan makoki kan wannan rakoda. Wasu har sun fara maganar a je a fito da kwamfutarsa a farfasa.

Sai Safiatu, yayar Razak, ta aika a kira Idi Sawu.

Sunansa Idirisu. Ya yi shekaru yana bin sawun shanun sata daga arewa har mayankar Kumasi, da gwiwa ta gaji ya dawo yana sayar da igiya da wuƙaƙe, amma sunan bai bar shi ba. Ba ya dariya da arha, ba ya kuma gaisuwa mai tsawo. Mma Hamamatu ce ta yi waƙa ranar aurensa, shi ya sa bai jira a sake aike ba.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin bai shiga ba. Mutum ya fi ashirin da ya tattaka ƙasan tun safe. Ya ja tsaki.

"Kun share mini sawu kaf. To nuna mini jakar."

Razak ya nuna. Jakar tana kan akwatin marigayiya. Wayar haɗi na ciki, abin kunne na ciki.

"Haka ka same ta?"

"A zuge, Baba Idi. Da ƙyallen da nake naɗe ta a ninke a sama."

"A ninke."

"A ninke tsaf."

"Waccan fa?" Ya nuna wata wayar hannu a kan taga.

"Ta Mma ce. Ba wanda ya taɓa."

Idi ya sake duban jakar. Ɓarawon da ya bar waya, ya bar jaka, ya tsaya ninke ƙyalle, shi dai bai taɓa haɗuwa da irinsa ba.

"Me ya haɗa ka da Fadil jiya?"

Razak ya share hanci. "Tsohuwar rigimarmu ce. Shi a ganinsa duk wanda bai yi waƙa a gaban kwamfuta ba wasa yake. Ni kuwa na ce masa rakoda ba ta san dumso ba, a ɗauke wuta ko a kawo duk ɗaya ne. Ka danna jan maɓalli, shi ke nan. Mma tana kwance, numfashi yana zuwa yana tafiya, wa zai ce mata ta jira kwamfuta ta gama tashi? Na taɓa ba shi waƙa ɗaya ya gwada, ya dawo da wani abu daban. Shi ne na hana shi sauran."

"Taurin kai ne ya hana," in ji Safiatu daga bayansu. "Na gaya masa a gaban kowa, yau da safe zai kai ta wurin Fadil a kwafe, ko yana so ko ba ya so. Ni ce babba."

"A gaban wa?"

"Duk matan da ke zaman makoki."

Idi ya juya ya dubi tsakar gida. Mata suna kan tabarmi, wasu na tsince shinkafa. Kusa da ƙofa wata tsohuwa tana goga goro a jikin marfin gwangwani mai huji, tana tara garin a tafin hannu, don haƙoran da suka rage mata ba su da yawa. Mma Adizatu ce, mai koko a bakin masallaci, wadda ta yi wa marigayiya amshi tun suna 'yan mata. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Batir fa?" ya tambayi Razak.

"Ƙanana biyu take ci, irin na rimot. Kuma tana cinsu kamar gyaɗa. Na ciki ma sun kusa mutuwa."

Fadil ya kulle kansa a ɗaki, sai da ya ji muryar Idi ya buɗe. An manne bangon da kwalin ƙwai har sama, ga lasifika biyu, ga makirfo a tsaye, ga zafi kamar gidan burodi.

"Wofa, wallahi ban ɗauka ba." Haka yake kiran Idi, wato kawu.

"Ban tambaye ka ba. Mene ne laifin rakodar?"

Tsoro ya ɗan saki Fadil, don an taɓo inda yake so. "Kunne ce kawai, ba ta da hannu. Duk abin da ya wuce sai ta kwashe, kukan akuya, mai tallan ƙosai, ƙarar pragya mai ƙafa uku. Ni kuwa da manhajar da nake aiki da ita zan wanke murya tas, in daidaita inda ta karkace, in sa mata kiɗa. Sannan abu a aljihu, kwafi ɗaya tak. Sau nawa na gaya masa? Yau ga shi."

"Sa mini wadda ka wanke."

Ya sa. Ganga ta fara, piyano ya biyo, sai wata murya siririya mai santsi ta shigo, tana karkarwa kamar ana kaɗa waya. Idi ya saurara har ƙarshe.

"Wace ce wannan yarinyar?"

"Mma Hamamatu ce mana."

"Mma Hamamatun da na sani in ta buɗe baki a Aboabo ana ji a Alabar. Wannan ko kaza ba za ta kora ba. Wa ka sa wa ita?"

"Na sa a gidan makokin, bayan sadakar bakwai. 'Yan mata sun so ta. Tsofaffin ne dai, wata ma tashi ta yi ta fita."

"Kai ka san yau za a kawo maka rakodar?"

"Ina wurin Anti Safiatu ta faɗa."

Idi ya fito ya nufi 'yan ataya kai tsaye. Bai zauna ba. Ya ce, "Abin da za a kawo wa mutum har ɗaki da safe, me zai sa ya sace shi da yamma? Duk wanda ya taɓa ƙofar yaron nan, ni da shi ne." Suka yi gunaguni, amma ba wanda ya tashi. Wani daga cikinsu, don kada a ce ba su san komai ba, ya ce ai an ga irin rakodar a Sofoline, a shimfiɗar wani mai tsofaffin kayan wuta.

Washegari Idi da Razak suka hau trotro, motar haya. Suka same ta kuwa, a bakin titi, tsakanin matattun rimot da dutsen guga, baƙa, da kunnuwanta biyu. Razak ya yi wuf ya ɗauke ta. Mai kayan, wani Yusif ɗan Tamale, ya ga haka ya fara rantsuwa tun ba a tuhume shi ba.

"Massa, kunna mana," in ji Idi.

Yusif ya karɓa, ya sa batir ya kunna. Sai ga mawaƙan coci sun cika bakin titi da waƙa a yaren Tiwi, da tafi, da wani fasto yana gyara musu. Wata mai sayar da burodi ta kama bi. Razak ya ajiye ta a hankali, ya juya baya don kada a ga idonsa.

Yusif ya ce, "Ka gani ko? Wata uku tana nan tana shan rana. Kowa waya yake so. Ko kyauta aka kawo mini wata ba zan karɓa ba, kuma ka tambayi duk 'yan layin nan."

Idi ya tambaya. Ya bi masu irin wannan sana'a har Atonsu, amsa ɗaya. A trotro suna dawowa Razak ya ce shi ke nan, an goge, an jefar. Idi ya ce masa ya yi shiru yana tunani. Abin da ba ya sayuwa, ba a sace shi don sayarwa. Wanda ya ɗauka riƙewa yake. Wanda ya riƙe kuma ji yake. Saniyar sata dole ta sha ruwa, shi ya sa a da ba ya bin daji, mashaya yake bi. Wannan kuma abincinta batir ne.

Ya ɗauki kwanaki yana abin da ya sa matarsa ta ce ya haukace. Kullum da sassafe, kafin mai aboboya, babur mai akori, ya zo kwasar shara, sai ya ɗauki sanda ya bi ƙofar gidajen matan da suka yi zaman makoki yana tona bola. Ya ga ɓawon ayaba, ya ga ledar ruwa, ya ga abin da ba ya son gani. 'Yan ataya suka sa masa sabon suna. Bai kula su ba. Ranar da ya samu, a sharar wani gidan haya da ke bayan masallaci ne, gidan da ɗakunansa suka fi goma. Ƙananan batir huɗu. Ya juya su a tafin hannu, ya kai su kusa da ido, sai ga shi yana murmushi shi kaɗai a bakin kwata.

Ya biya ta kantin Tayyiba a kwanar lungu.

"Wa ke sayen irin wannan kwanan nan?"

"Baba Idi, ni ba na tsegumi."

"Na sani. Tsoho ne ko yaro?"

"Ta ce na tocila ne." Sai ta kama baki.

"Ya isa. Ki ce ban zo ba."

Bayan la'asar ya sa aka taru a tsakar gidan marigayiya. Razak da Safiatu, da matan makoki, da Fadil da aka ce ya zo da ƙaramar kwamfutarsa, da 'yan ataya da suka cika ƙofa ba a gayyace su ba. An ɗauke wuta tun rana, fanka a tsaye. Idi ya karɓi faranti ya zuba batir huɗun a kai.

"Fadil, buɗe baki."

"Wofa?"

"Buɗe."

Ya buɗe. Haƙora farare tas, a jere. Aka fara dariya.

"Rufe. Razak, kai ma. To. Ku dubi nan." Ya ɗaga ɗaya. Gefenta a lotse, kuma a cikin lotsawar akwai ja. "Yaron yanzu in batir ta mutu jefarwa yake. Mu ne muka taso da rediyo, in ta yi sanyi mu cije ta ta ƙara mana labarai. Wannan cizo ne. Jan kuma goro ne. Kuma duk huɗun a wuri ɗaya aka ciza, da haƙori ɗaya."

Matan suka dubi juna. Idi bai dubi kowa ba, faranti kawai yake kallo.

"Ni ban zo kama ɓarawo ba, don babu ɓarawo. Wanda ya ninke ƙyalle ba ɓarawo ba ne. Abu ɗaya zan faɗa in tafi. Batir ɗin da aka ciza tana tsiyayar da ruwa. Ruwan nan ya taɓa cinye mini rediyo sabuwa fil. In yanzu haka akwai cizajjiya a cikin abin nan, to tana nan tana ci, kuma ban san inda za ta tsaya ba."

Bai gama rufe baki ba Mma Adizatu ta miƙe. Marfin gwangwaninta ya faɗi ya gangara. Ta kama ɗamarar zanenta tana kwancewa, ƙulli ya ƙi, ta sa haƙorin nan guda ta ja, sai ga rakodar.

"Razak, zo maza ka cire. Tun jiya ta daina magana, na ce fushi take."

Razak ya karɓa ya ɓalle murfin baya. Farin gari ya cika ramin batir, ƙarfen ya yi kore. Ya kakkaɓe, ya sa sababbi, ya danna. Fuskar rakodar ta ƙi kawo haske. Ya sake dannawa. Safiatu ta fara salati a hankali. Idi kansa ya tsorata, don tsoratarwa ya yi niyya, bai zaci ya faɗi gaskiya har haka ba.

"Ba ni katin," in ji Fadil.

Razak ya dube shi.

"Chale, abokina, muryar ba a ramin batir take ba. Ba ni katin."

Razak ya sa farce ya zaro ɗan katin da ke ajiye sautin daga gefe, ya miƙa. Fadil ya ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kife. Cajinta ya kusa ƙarewa, ga wuta babu. Ta ɗauki lokacinta tana tashi, kowa yana tsaye a kanta. Razak ya buɗe baki zai yi magana a kan haka, yayarsa ta taka masa ƙafa.

Sai jerin waƙoƙi ya bayyana, dogo, har ƙasa.

"Suna nan," in ji Fadil. "Duk suna nan. Har da ƙari ma."

Safiatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Wata ta kama hamdala, sauran suka ɗauka. Idi ya saki numfashi, ya nemi benci, don gwiwar ta tuna masa da kanta.

"Wane ƙari?" in ji Razak.

Fadil ya danna na ƙarshe. Aka ji ƙarar zane, sai muryar Mma Adizatu kusa-kusa: "Hamama? Ina kuma kika shiga? Na danna, kin yi shiru. Haka kike tun kina raye, sai an lallashe ki." Ashe jan maɓallin ta riƙa dannawa. Dariya ta ɓarke, har masu kuka. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji kunya ba.

"Mma Adiza," in ji Safiatu, "don me ba ki tambaya ba? Kin ga an kusa dukan yaron mutane."

"Na ji, kuma ban yi barci ba. Fadil, ka yafe mini wannan." Ta juya gare shi sosai. "Amma da na bari an kawo maka, da ka yi mata abin da ka yi wa waccan. Ina tarin?"

"Wane tari, Mma?"

"A waƙar da ka sa mana. Ina ɗan tarin da take yi a ƙarshen baiti?"

"Na goge. Datti ne ai, yana ɓata sauti."

"Dattin gidanku. Wannan kirana ne. Tun muna 'yan mata, in ta gama baiti ta yi gyaran murya, ni nake shiga. In ba ta yi ba, ƙari za ta yi, sai in jira. A cikin hayaniyar biki da ganguna, da shi nake ganewa. Ka sa mana waƙa na zauna ina jira ta kira ni, har ta ƙare ba ta kira ba."

Fadil ya sosa ƙeya. Razak ya ce shi ma bai sani ba, ya ɗauka ciwon ne. Da safe yake ɗaukar waƙoƙin, lokacin Mma Adizatu tana bakin koko, kuma ya sha mamakin me ya sa uwarsa take yin shiru mai tsawo bayan kowane baiti.

"Wurina ta bar mini," in ji tsohuwar.

Kafin caji ya ƙare Fadil ya kwafe komai. Ya ce gobe zai ƙara kwafi a wurare uku, kuma ya faɗa yana kallon Razak. Razak ya ce, "Ka yafe, chale." Fadil ya ce zai yi tunani, amma a rubuta cewa kwamfuta ce ta ceci rakoda. Razak ya ce in ba rakoda me kwamfutar za ta ceta, iska? Suka fara daga inda suka tsaya. 'Yan ataya suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi kowa zafi kwanakin baya shi ne ya dawo da kofi ya miƙa wa Fadil ba tare da ya haɗa ido da shi ba.

Idi ya karɓi rakodar yana kankare koren da bakin wuƙa, don hannunsa ba ya son zama. Ya hura, ya mayar da batir da katin, ya danna. Fuskar ta kawo haske. Ya miƙa wa Razak.

"Ku bar surutu. Fadil, sa mana ɗaya, yadda take, kada ka wanke komai. Razak, kai kuma danna jan maɓallin naka."

Fadil ya sa. Aka ji zakara, aka ji wani yana jan guga, sai muryar Mma Hamamatu ta fito, ta tsufa, ta dushe, amma ita ce. Waƙar rakiyar amarya ce. Idi ya gane ta tun kalmar farko, ita aka yi wa matarsa, sai ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa. Ta ja baiti har ƙarshe. Ta yi ɗan gyaran murya.

Mma Adizatu ta tofar da goro, ta shiga daidai wurin.

Da waƙar ta ƙare Fadil ya ce a hankali, "Zan iya haɗa muryoyin biyu su zama ɗaya, kamar a ɗaki ɗaya suke."

"Haɗa," in ji Mma Adizatu, tana tsintar marfin gwangwaninta. "Amma ina zaune kusa da kai za ka yi. Ka taɓa tarin nan, haƙorin da ya lotsa batir yana nan."